Tofin Baffa da Aka Aika Norwe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baffa ya koma da hantsi, a ɗakinsa na Kawo, matarsa Inna tana tallafe da kansa. Ba zan rubuta cewa ya bar mu cikin alhini ba, don ba dukanmu ne muke cikinsa ba. Na zauna a tabarmar makoki, na ga fuskoki, na kuma ji abin da bakuna suke faɗa.

Tsofaffin unguwa sun zo, sun tuɓe takalma, sun ce Allah Ya jiƙan Malam, suka zauna suna kallon ƙasa. Waɗannan ba ni da magana a kansu. A cikin gida matan da ya yi wa 'ya'yansu tofi shekara da shekaru suna kuka, na gaske, mai sa murya ta dushe. Sai kuma mutanen Yaya, babban ɗan Baffa, daga ma'aikatarsu. Motocinsu suka toshe lungun har mai keke ya kasa wucewa. Ɗaya daga cikinsu, mai ƙamshin turare, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, wai shi ne tsohon nan da aka gano Bature ne?"

Na ce, "Shi ne tsohon nan da ya mutu."

Wani matashi ya tambaye ni ko Turawan za su zo gaisuwa, don yana so ya ɗauki hoto da su. Wata mata da take fitowa daga cikin gida ta ce wa ƙawarta, "Ashe shi ya sa idonsa yake kamar na mage." A lokacin ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba.

Ni ɗan ƙanensa ne. Ubana ya rasu ina rarrafe, Baffa ya ɗauke ni ya haɗa da nasa, kwano ɗaya, bulala ɗaya. A aji biyu na sakandare na tsaya, faci nake yi a bakin tashar Kawo. Wanda yake son rubutu mai ado ya je wurin masu digirin gidanmu, suna da yawa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne labarin da suke yaɗawa a waya ya fara danne mutumin. Baffa abu ɗaya ya tsare duk rayuwarsa: a kira shi ɗan Kakanmu, mutumin da ya rene shi. Abin nan aka ƙwace masa yana tsoho, kuma 'yan gida ne suka ƙwace.

Dogo ne, fari sol, idonsa ruwan toka. Kowace Juma'a wanzami yake zuwa ya aske masa kai ƙwal, ko da gashin bai fito ba, hularsa kuma kullum tana kan kunne. Muna yara mun ɗauka tsafta ce. Sai da na girma na gane gashin ne ba ya so a gani.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Daga Kawo har Malali babu telan da bai san jakarsa ta fata da 'yar kwalbar mansa ba. In mace ta kawo ƙarar kekenta yana tsallake zare, ba ya taɓa keken sai ya tambaye ta, "Kin ci abinci yau?" Ta ce ta ci. Ya ce, "To shi fa? Yaushe rabonki da ba shi mai?" Matan da mazansu suka mutu suka bar su da marayu, shi yake zagayawa gidajensu ba a kira shi ba. Ya gyara, ya sha ruwa, ya tafi. In an yi masa godiya ya ce, "Ni keken na zo gani, ba ke ba."

Bai taɓa kiran sunan Yaya ba, don ɗan fari ne. "Mutumin Unguwar Rimi" yake ce masa. Ni kuwa "Kai mai faci," ko a gaban surukaina.

Asalin maganar kowa a unguwa ya san ta, kowa kuma bai san ta ba. Iya, mahaifiyar Baffa da ubana, tana budurwa tana dafa abinci a sansanin wasu masu haƙa rijiyoyi, zamanin Turawa. Akwai wani Bature a cikinsu. Aikin ya ƙare, ya tafi. Kakanmu, leburan jirgin ƙasa ne, ya aure ta, ba a daɗe ba ta haihu. Masu lissafin watanni suka lissafa, suka haɗiye. Ranar suna ya yanka rago, ya ɗauko jaririn da hannunsa ya fito zaure ya ce, "Ga ɗana." Wani ya ce yaron ya yi fari da yawa. Kakanmu ya ce, "Kakar uwarsa Buzuwa ce." Shi ke nan. Daga ranar Iya ta samu kaka Buzuwa, duk unguwa ta yarda, aka rayu a haka har Iya ta mutu da mutuncinta. Masu boko za su ce ƙarya ce. Mu rufin asiri muke ce masa.

Sau ɗaya na ga an taɓa wurin ina yaro. Wani tela a kasuwa, sun yi musu, ya ce wa Baffa, "Guntun Bature kawai." A lokacin Baffa ya kwance masa keke gaba ɗaya, kusoshi da ƙarafa a baje a kan tabarma. Bai ɗaga murya ba. Ya goge hannunsa, ya rataya jakarsa, ya ce, "Ka nemi ɗan halak ya haɗa maka." Keken ya zauna a baje har telan ya ɗebo dattawa suka zo gida ban haƙuri. Baffa ya koma ya haɗa. Da ya gama ya ce masa, "Ni ban ji zafi ba. Wata mata ka zaga, kuma ba ta nan balle ta rama."

Ya yi karatun allo mai zurfi a hannun Kakanmu da malaman zaure. Shekaru masu yawa shi ne na'ibi a masallacin unguwa, in liman ba ya nan shi yake ja mana azahar da la'asar. Ga kuma tofi. Yaro ya yi zazzaɓi, ko ya kwana yana firgita, a kawo ruwa a kofi, Baffa ya karanta ya tofa. Ba ya hana zuwa asibiti. Cewa yake, "Ki ba shi wannan, ki kuma kai shi wurin masu allura, kowa ya yi nasa." Ni kaina ban san iyakar kofunan da na sha ba.

Yanzu ga inda abin ya lalace.

Yaya yana da 'ya, ta yi karatu a waje. Ita ce 'yar lelen Baffa. "Amarya" yake ce mata, ita kuma "angona," irin wasan jika da kaka. Ta dawo da wani sabon abu wai binciken asali. Ta daɗe tana zarya gidan ajiye tsofaffin takardun gwamnati tana duba sunayen Turawan Ingila, don mu a wurinmu duk Bature ɗan Ingila ne. Ba ta samu komai ba. Sai ta ji ana tura yawu ƙasar waje a auna, a faɗa maka daga inda jininka ya fito. Ta tura nata da na ubanta. Aka ce akwai jinin wata ƙasa mai suna Norwe, can ƙarshen duniya inda ruwa yake daskarewa. Amma wai jinin ya tsinke a jikinsu, in ana son a kama mutumin da kansa sai da yawun tsohon.

Ta zo ta tambaye shi ƙiri-ƙiri, ina zaune.

Ya ce, "Amarya, surukinki kike nema? Yana maƙabarta. Ɗauko mayafinki in kai ki ki gaishe shi."

"Angona, ɗan yawu fa kawai."

"Ni ko farcena na yanke binnewa nake. Yawuna ba zai hau jirgi ba."

Ta yi dariya, ya yi dariya, muka ɗauka an gama.

Bayan wani lokaci ta dawo da la'asar, fuska a yamutse. Ta ce ɗanta na goye ba shi da lafiya, zazzaɓi ya ƙi sauka, ruwa ma ba ya karɓa sai a cokali. Ta fito da wata 'yar kwalba siririya ta ce a tofa a ciki kai tsaye, da yawa, ita za ta riƙa ɗiga masa a gida. Baffa ya ajiye abin da yake yi. Ya sake alwala. Ya zauna ya fuskanci gabas yana karantawa yana tofawa, yana karantawa yana tofawa. Tsoho ne, bakinsa ba ruwa, abin ya ɗauki lokaci. Har ya tsaya ya ce, "Wannan wane irin tofi ne, sai ka ce ana cika randa?" Ta ce, "Saura kaɗan, angona." Da ya gama ya miƙa mata da hannu biyu ya ce, "Ki kira ni da safe in ji yadda ya kwana."

Addu'ar nan aka liƙe a ambulan aka kai gidan waya.

Da sakamako ya zo, Yaya ya shirya walima a gidansa na Unguwar Rimi. Aka aiko mota ta ɗauki Baffa da Inna, ni ma na bi don in riƙe masa hannu a matakala. Falo cike da baƙi, abokan aiki, maƙwabta, ga shinkafa da kaji. Aka zaunar da shi a gaban babbar talabijin. Jikar ta miƙe tana bayani cike da murna. Wai yawun ya haɗu da na wata tsohuwa a Norwe, uba ɗaya. Daga nan ta bi littattafan cocinsu ta samo mutumin: ɗan wata gona a bakin teku, 'yan'uwansa suka yi hijira Amurka, shi ya biyo kamfanin haƙa rijiya zuwa nan, daga baya ya koma gida ya yi aure ya mutu. Ta danna, hotonsa ya fito.

Ba zan yi ƙarya ba. Haɓar Baffa ce, kunnen Baffa ne, har yadda yake karkata kai. Aka yi tafi. Wani ya ce, "Allahu akbar, kimiyya!"

Baffa bai kalli hoton sau biyu ba. Ya ce, "Ta ina kuka sani?"

Jikar ta durƙusa a gabansa tana murmushi, ta ɗauka wasan nan nasu zai ɗauke ta. "Tofin nan ne, angona. Ai ka san ni da wayo."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Yaron fa? Ya warke?"

Ta ce, "Ai dama lafiyarsa ƙalau."

Ya ce, "Alhamdulillahi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, ranar da kuma bayanta.

Ba su bar shi ya tashi ba, don an riga an haɗa waya da tsohuwar. Ta fito a talabijin, farin gashi, tana share hawaye, tana magana jikar tana fassarawa. Wai tun tana yarinya take jin ubanta ya bar ɗa a Afirka, wai ta gode wa Allah da ta ga ɗan'uwanta kafin ta mutu. Baffa ya saurare ta har ta gama. Ya ce, "Ki ce mata na gaishe ta, Allah Ya ba ta lafiya. Ki ce mata ƙannena suna nan a binne, na san kabarin kowa." Ban san abin da jikar ta fassara ba, don na ga tsohuwar ta yi murmushi. Ya juyo ya ce, "Kai mai faci, nemo mana keke mai ƙafa uku." Muka bar motar Yaya da kajinsa.

Kafin mu isa Kawo labarin ya riga mu. An haɗa hotonsa da na Baturen gefe da gefe an watsa a waya, da rubutu wai an gano asalin gidan. Abin da unguwa ta haɗiye tun kafin a haife mu, aka amayo mata shi a tafin hannu. In Baturen ne uba, to Iya mece ce? Ba wanda ya faɗa da baki. Ba sai an faɗa ba.

A masallaci aka fara. Akwai samari masu gajeren wando da suka karanta littattafai, suka gano wai ba a son wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba ya zama limamin da ake bi kullum. Ba wanda ya tunkare shi. Ranar da liman bai zo ba, aka tada iƙama, Baffa ya ɗaga ƙafa zai shiga gaba kamar yadda ya saba, sai aka turo wani yaro da Baffa ya yi wa tofi yana cikin zanen goyo. Baffa ya mayar da ƙafarsa. Ya bi yaron salla. Daga ranar ya koma ƙarshen sahu, jikin bango, inda ake jingine tsintsiya.

Tofi kuma ya daina. Mata su zo da kofi, ya ce, "Bakina ya bushe, ku je asibiti." Wata ta yi ta roƙo har da kuka, ɗanta a kafaɗa. Ya ɗora hannu a kan yaron, leɓɓansa suna motsi, amma bai tofa ba. Da ta fita ya ce da ni, "Ban san wane ne mara lafiya ba yanzu."

Na je na samu Yaya a ofishinsa da kayan aikina a jiki, baƙin mai har gwiwar hannu. Sakatariyarsa ta so ta hana ni, na wuce.

Ya ce, "Kai matsalarka jahilci. Gaskiya ce fa. Mutum yana da haƙƙin ya san tushensa."

Na ce, "Yaya, shi ya ce maka bai sani ba? Wanda yake aske kansa duk Juma'a?"

"To ai yara suna da haƙƙi su ma. Ka san ƙofofin da wannan zai buɗe musu?"

"Ka kwance wa kakarka zane don a buɗe maka ƙofa."

Ya kira mai gadi. Ƙofofin kuwa har yau ba su buɗe ba. Sun nema, aka ce musu a ƙasar can jinin kaka ba ya ba da takardar zama. Duk da haka Yaya ya liƙa sunan Baturen a bayan sunayen 'ya'yansa, sunan da shi kansa sai ya murɗe baki yake iya faɗa. Sunan Kakanmu aka cire don a samu wuri.

Tsohuwar Norwe ba ni da haushinta. Ta aiko wa Baffa rigar sanyi da ta saƙa da hannunta. Ya shafa ta, ya yaba saƙar, ya ce matar ta iya aiki, ya ba mai gadin makarantar allo. Ya ce, "Ita ɗan'uwa take nema, ba laifi ba ne. Ni ne ba ni da gurbin uba, an riga an cike." Jikar ma ta zo ban haƙuri, ta yi kuka. Ya ce ya yafe. Amma bai ƙara ce mata amarya ba, "'yar nan" ya koma ce mata. Ita ta san abin da ta rasa, ba sai na ƙara mata ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, wata ranar ina gyara masa matashi ya riƙe mini hannu.

"Kai mai faci."

"Na'am, Baffa."

"In an zo addu'a, ka tsaya a faɗi sunan Baba. Ya yanka mini rago. Ba shi da komai, ya yanka mini rago."

Na ce in Allah Ya yarda.

Ranar addu'ar uku ƙofar gida ta cika. Liman ya ɗaga hannu, aka ɗaga. Ya faɗi sunan Baffa, ya ce "ɗan," sai ya tsaya. Ya kalli Yaya. Yaya yana kallon takalmansa. Liman ya yi gyaran murya ya ce, "ɗan baiwar Allah." Da uwa ya kira shi, yadda ake kiran wanda ba a san ubansa ba. Jama'a suka ce amin.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Allah gafarta Malam, yana da uba." Na faɗi sunan Kakanmu, cikakke, da na uban Kakanmu.

Aka fara jan rigata ta baya. Wani ya ce ba a hayaniya a zaman makoki. Yaya ya ce ta cikin haƙora, "Ka zauna, kana ba mu kunya a gaban baƙi." Liman ya ce, "Allah ai Ya san kowa." Na ce, "Ya sani, ku nake gaya wa." Na sake ɗaga hannu na ce Allah Ya jiƙan wane ɗan wane, da ƙarfin da nake kiran direbobi a tasha.

Maza sun fi ƙarfin tabarmi a wurin, da dattawan da suka ci naman sunan 'ya'yansa, da telolin da ya gyara wa keke. Ba wanda ya buɗe baki. Sai daga bayan katanga, cikin gida, inda take zaman takaba, muryar Inna ta fito, a dushe, amma kowa ya ji.

"Amin."

Samari biyu suka kama ni suka fitar da ni bakin titi, cikin ladabi, kamar ana raka mahaukaci. A can na ƙarasa fatihata, a tsakanin motoci.

Allah Ya jiƙan Baffa, ɗan Kakanmu leburan jirgi. Allah Ya mayar wa Iya suturar da aka yaye mata. Allah Ya saka wa mutumin da ya ɗauki jariri ya fito zaure ya ce ga ɗana. Wanda ya karanta wannan, in zai ce amin ya ce a kan haka. In ba zai iya ba ya bar ta, ta Inna ta ishe mu.